Adela Breton da Zane-zanen Kufan Chichen Itza

An daɗe ana ɗaukar zanen fentin ruwa da matan Ingila suka yi a kufai tamkar abin rage lokaci kawai. A ganinmu, aikin Adela Breton (1849–1923) ya isa ya rushe wannan zato.

Ita dai wannan mata ba ta riƙe muƙami a wata jami'a ba. Da dukiyar gado take tafiye-tafiyenta. Cikin 1900 ta isa Chichen Itza, watau tsohon birnin al'ummar Maya a ƙasar Meksiko, bisa shawarar Alfred Maudslay. A can ta duƙufa kwafar zane-zanen yaƙi da ke jikin bangon Haikalin Damisa na Sama. Hoton wancan zamani galibi baƙi da fari ne, ba ya kama launi. Ita kuwa sai ta auna bango, ta shimfiɗa takarda ta bi layi ɗaya bayan ɗaya, sa'an nan ta haɗa fenti har ya dace da na asali.

Daga bisani danshi da daɗewa sun cinye yawancin launin bangon. Saboda haka manazarcin da ke son sanin launin garkuwa ko suturar waɗannan mayaƙa, tilas ya nufi gidan tarihi na Bristol, inda ta bar takardunta.