Salula biyu, tsari biyu: Android da iOS

Wani manomi na wajen Galmi, cikin jahar Tawa, ya saida albasarsa ta bana. Ya biya bashin taki da na man injin ban-ruwa. Ya ware kuɗin hatsin gida. Da abin da ya rage yana son ya sayi salula mai allo, irin wadda ake shafawa da yatsa. Yana so ya riƙa aika hoton buhunnansa ga masu saye a Abijan da Akara, ya kuma ji farashi kafin ya yi lodi.

Ranar kasuwa ya tafi tare da ɗiyarsa, ƴar aji shida. Suka tsaya rumfar mai saida salula. Mai rumfar ya ce: "Malam, Android kake so ko iPhone?" Manomi ya yi shiru, don bai san bambancinsu ba. In kuwa ya yi kuskure, sai ya jira wata kakar albasa kafin ya sake samun kuɗin wata salula.

Mine ne tsarin aiki?

Salula mai allo ƙaramar kwamfuta ce. Tana da jiki, wato allo da batir da kamara da sauran ƙarafa. Tana da manhajoji, wato ƙananan kayan aiki irin su WhatsApp da agogo da na lissafi. Tsakanin jiki da manhajoji akwai babbar manhaja guda ɗaya. Ita ake ce ma tsarin aiki.

Tsarin aiki kamar sarkin kasuwa yake. Sarkin kasuwa shi ke ba kowa rumfa, shi ke tsara hanya, shi ke raba gardama. Haka tsarin aiki yake ba kowace manhaja wurin zama. Shi ke jin inda yatsa ya taɓa. Shi ke raba ƙarfin batir. Shi ke tambayar mai salula ko ya yarda wata manhaja ta buɗe kamara. Idan babu shi, salula ƙarfe ce kawai da gilashi.

A yau tsari biyu ne suka fi yawa a duniya: Android da iOS. A da akwai waɗansu, kamar Symbian na Nokia, da BlackBerry, da Windows Phone, amma an daina yin salula da su.

Daga ina suka fito?

Dukansu biyu daga Amurka suka fito. Kamfanin Apple ne ya yi iOS. Shugabansa na lokacin, Steve Jobs, ya nuna iPhone ta farko a watan Janairu na 2007. Apple shi ke tsara salular, shi ke yin tsarinta. Ba ya ba wani kamfani iOS.

Android kuwa, wani ƙaramin kamfani ne ya fara shi a 2003. Google ya sayi kamfanin a 2005. Salula ta farko mai Android ta fito a 2008. Google ya bar ƙofa a buɗe, kamfanoni da yawa suna aiki da tsarin. Samsung na Koriya ta Kudu yana aiki da shi. Tecno da Itel da Infinix, waɗanda kamfanin Transsion na ƙasar Sin yake ƙerawa, su ma Android gare su. Cikin salula goma masu allo a duniya, wajen bakwai masu Android ne.

Wannan bambanci shi ne tushen sauran duka. iOS kamar gida ne mai maigida ɗaya da doka ɗaya. Android kamar gari ne mai gidaje da yawa, kowane da fasalinsa.

Wanne ya fi sauƙin koyo?

Duk iPhone tsarinta iri ɗaya ne. Wanda ya iya guda, ya iya sauran. Abubuwan suna nan inda aka saba ganin su. Wannan sauƙi ne babba ga sabon shiga.

A Android kowane kamfani yana sake ma tsarin kama. Wurin da ake ƙara girman rubutu a Tecno, ba lalle ba ne ya zama nan a Samsung. Amma akwai wani sauƙi dabam. A garuruwanmu masu Android sun fi yawa nesa ba kusa ba. Idan abu ya shige ma mutum duhu, maƙwabci zai nuna masa, ko ɗansa, ko mai cajin salula na bakin tasha. Da ɗan gari akan ci gari. Mai iPhone a ƙauye yakan rasa wanda zai tambaya.

Kuɗi da gyara

Sabuwar iPhone tana da tsada ƙwarai. Android kuwa akwai mai tsada, akwai matsakaiciya, akwai mai araha. Google ya ma yi wani ƙaramin tsari, Android Go, domin salula marasa ƙarfi.

Bayan saye akwai gyara. Salula takan faɗi, gilashi ya fashe. Zafin bazara yakan kumbura batir. A kasuwannin Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai ana samun gilashi da batir na Tecno da Itel da Samsung ba wuya. Kayan iPhone sun fi tsada, kuma masu iya gyaranta sun fi yawa a manyan birane.

A wajen daɗewa kuma iPhone tana da nata ƙarfi. Tsarin aiki yana bukatar sabuntawa, kamar yadda gidan ƙasa yake bukatar yaɓe kafin damina, don a toshe kafar da ɓarayin intanet za su bi. Apple yakan sabunta iPhone shekara biyar ko fiye. Google da Samsung sun yi alkawarin shekara bakwai ga waɗansu manyan salularsu. Android mai araha kuwa, akan daina sabunta ta da wuri.

Layi, kati da radiyo

A Nijar mutane da yawa suna riƙe layi biyu, don inda rezo na wannan kamfani bai kai ba, na wancan yakan kai. Akwai Airtel, da Moov Africa, da Zamani Telecom, da Niger Telecoms. Yawancin salula masu Android da ake kawowa nan suna da ramin sim biyu. iPhone ta fara ɗaukar layi biyu a 2018, amma a yawancin ƙasashe ramin ɗaya ne. Layi na biyu ba shi da kati, cikin salula ake rubuta shi, ana ce masa eSIM. Daga 2022, sababbin iPhone da ake saidawa a Amurka ba su da ramin sim ko ɗaya. Mai sayen wadda aka kawo daga can sai ya duba da kyau.

Android masu araha da yawa suna karɓar katin ajiya. Idan ciki ya cika da hotuna da karatu da waƙoƙi, sai a ƙara kati. Da yawa kuma suna kama radiyon FM ba tare da intanet ba. iPhone ba ta karɓar katin ajiya, ba ta kuma kama FM.

Igiyar caji ma abin dubawa ce. Daga 2012 iPhone tana da tata igiya dabam, mai suna Lightning. Sai a 2023, da iPhone 15, Apple ya koma ga USB-C, irin wadda sababbin Android suke aiki da ita. Mai tsohuwar iPhone idan ya mance igiyarsa a gida, da wuya ya sami aro.

Aika hoto ba da intanet ba

Kuɗin intanet yana ƙarewa da sauri. Don haka mutane sukan tura ma juna hoto ko wa'azi daga salula zuwa salula. Android biyu suna yin haka ta Bluetooth ko ta Quick Share. iPhone biyu suna yi ta AirDrop, da sauri kuma da sauƙi. Amma iPhone ba ta karɓar hoto daga Android ta Bluetooth. Sai an nemi wata hanya, ko a kashe kuɗin intanet.

Murya da rubutun Hausa

A nan tsarin biyu sun yi kusa da juna. WhatsApp yana aiki a kowane. Wanda bai yi boko ba yana iya danna alamar magana, ya faɗi saƙonsa da baki, ya aika. Ana iya ƙara girman baƙaƙe domin tsofaffi. Makaho ma yana iya aiki da salula, don akwai muryar da ke karanta abin da ke kan allo. A Android sunanta TalkBack, a iPhone VoiceOver.

Ɗan makaranta ya san Hausa tana da baƙaƙe masu lanƙwasa: ɓ, ɗ, ƙ, ƴ. Idan aka bar su, ma'ana takan sake. Kafa dabam, ƙafa dabam. Bari dabam, ɓari dabam. Allon rubutu na Google, wato Gboard, yana da Hausa. Apple ma ya sa allon rubutun Hausa cikin iOS a 2023. Sai dai mai salula ya shiga wurin saiti ya zaɓi harshen da kansa.

Salula ta hannu

Mutane da yawa suna sayen salular da wani ya yi aiki da ita. A nan akwai tarko. Kowace salula tana ɗaure da asusun mai ita, na Apple ko na Google, da kalmar sirri. An yi haka don a hana ɓarawo cin moriyarta. Idan mai ita na farko bai cire asusunsa ba, salular takan kulle a hannun sabon mai ita. iPhone da ta kulle haka, buɗe ta yana da wuya ƙwarai. Saboda haka a sa mai saidawa ya cire asusunsa, a kunna salular, a saka sim, a kira wani, sannan a biya.

Abin da manomi ya zaɓa

Yarinya ta ce: "Baba, faɗa masa aikin da za ka yi da ita." Manomi ya lissafa: layi biyu, saƙon murya, hoton albasa, radiyo a gona, da batir mai kai dare. Yarinya ta tambayi mai rumfa ko akwai gilashin salular a nan kusa in ya fashe. Ya ce akwai. Manomi ya ɗauki Android matsakaiciya, ya sa aka gwada ta a gabansa. Kuɗi suka rage, ya sayi riga ta roba ya sa mata.

Ƙanensa, wanda yake aikin ɗaukar hoto a Yamai, iPhone gare shi. Shekara biyar ke nan tana hannunsa, kuma akwai mai gyara kusa da shagonsa. Shi ma bai yi kuskure ba. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Da dare yarinya ta sa ma babanta allon rubutun Hausa. Ta rubuta kalmar sirri a takarda, ta ba shi ya ɓoye cikin akwati.

Tambayoyi

1. Mine ne aikin tsarin aiki a cikin salula?
2. Wane kamfani ne ya yi iOS? Wane ne yake da Android?
3. A kawo abu biyu da iPhone ta fi sauƙi a kai, da abu biyu da Android ya fi.
4. Don mi ake sabunta tsarin aiki?
5. Mi ya kamata a yi kafin a biya kuɗin salula ta hannu?
6. A rubuta kalmomi huɗu masu ɓ, ɗ, ƙ da ƴ.