Jirgin ƙasa a tafin hannu, da maƙeran Sabon Ibadan

A wuraren baje kolin ƙananan jiragen ƙasa a Ingila, akwai teburin da 'yan kallo kan daɗe a gabansa. Mutum ne zaune da zazzafan ƙarfen liƙi da magagari, yana harhaɗa kan jirgin da bai wuce tafin hannu ba. Sassan kan zo a kwali, wasu falle-fallen tagulla, wasu kuma zubin gamin kuza da dalma. Wannan gamin ba ya jure wuta, shi ya sa ake liƙa shi da sinadarin da ke narkewa a digiri 70, ƙasa da zafin tafasasshen ruwa. Tagulla kuwa takan ɗauki na digiri 145. In hannu ya yi nawa, ƙafar jirgi ta zama ɗigon ƙarfe a gaban jama'a.

Wanda ya tashi a Sabo, unguwar Hausawa ta Ibadan, ba zai ga baƙon abu a teburin nan ba. Aikin mai liƙin gwangwani ne, wanda ke mayar da gwangwanin madara fitilar aci-balbal, kuma da irinsa yara ke ƙera mota mai tayar silifa. Kalmar sinadari ma, kafin ta shiga ajin kimiyya, sunan abin liƙin maƙera ce.

Sabo tana da dalilin kula da jirgi fiye da yawancin unguwanni. Layin dogo daga Legas ya iso Ibadan a 1901, ya haɗe da Kano a 1912, sannan aka keɓe wa Hausawa Sabo a 1916. Shanu na gangarowa kudu, goro na haurawa arewa, fatake na sauka gidajen masu masauki. A kan wannan ciniki unguwar ta ginu, kamar yadda Abner Cohen ya nuna a littafinsa na 1969. Yau fasinjan Legas ya koma Moniya, tashar sabon layin da aka buɗe a Yunin 2021. Tsohuwar tashar Dugbe, da ke kusa da Sabo, ta yi sanyi, tsofaffin da suka san ƙamshin gawayin jirgi kuma suna ƙarewa.

A nan ne ƙaramin jirgi ya wuce abin wasa. Faɗin sabon layi milimita 1,435 ne, irin na Turai, don haka ƙananan jiragen kanti sun dace da shi. Tsohon layin Najeriya 1,067 ne. In aka rage shi sau 87, ma'aunin da aka fi bi a duniya, zai tsaya wajen milimita 12. Da wuya a sami kamfanin da ke zuba kawunan jiragen Najeriya a wannan girma, irin masu tururin nan da aka raɗa wa sunayen koguna tun ƙarshen shekarun 1940. Mai son su sai ya yanka ƙarfe ya liƙa da hannunsa.

Hannun yana nan. Abin da maƙeri ba zai iya ƙagowa ba shi ne zane mai awo, wannan kuwa sha'anin Hukumar Jiragen Ƙasa ne, mai hedikwata a Ebute Metta, da hukumar gidajen tarihi, wadda ke da gidan tarihi a Alesinloye cikin Ibadan. Teburi ɗaya da kwafin zane ɗaya sun isa a fara.