Alamo: tsohuwar majami'ar da yaƙi ya mayar wurin yawon buɗe ido

A tsakiyar birnin San Antonio na jihar Texas a Amurka, tsakanin otal-otal da shaguna, akwai wani ƙaramin ginin dutse da baƙi ke yin layi kullum domin shiga. Shi ne Alamo.

Limaman Katolika ƴan Sipaniya suka kafa wannan cibiya a 1718 don shigar da ƴan asalin yankin addinin Kirista. Daga baya ta koma barikin soja. A 1836 dakarun Meziko ƙarƙashin Janar Santa Anna suka yi wa ƴan tawayen Texas kimanin 200 ƙawanya a ciki. Bayan kwana 13, da asubahin 6 ga Maris, suka afka musu suka kashe kusan dukan mayaƙan.

Ga Amurkawa da yawa, mutanen nan jaruman ƴanci ne. Amma akwai sauran zance. Meziko ta haramta bauta tun 1829, alhali da yawa daga cikin ƴan tawayen na da bayi, kuma kundin tsarin mulkin da Texas ta rubuta a 1836 ya kare bauta. Cikin waɗanda suka tsira akwai Joe, bawan kwamanda William Travis. Shi ya kai labarin yaƙin, sannan aka mayar da shi bauta, har ya gudu a 1837.

Shiga majami'ar kyauta ne. A 2015 UNESCO ta sanya wurin cikin kayan tarihin duniya. Duk wanda tafiya ta kai shi can, ya tambayi labarin Joe.