Sunan Tasalla: Ma'anarsa, Asalinsa da Batun Farfaɗo da Shi

A Tsauni, cikin yankin Matamaye na jihar Damagaram, kamar a sauran ƙasar Hausa, akan san mutum da suna biyu: sunan yanka, wanda liman ke raɗawa ran suna, da laƙabi, wanda mata ke sawa a cikin gida. Tasalla yana cikin kashi na biyu. Akan kira ƴa mace da shi idan an haife ta ran ƙaramar salla ko babbar salla, watau 1 ga Shawwal ko 10 ga Zulhajji. Namiji kuwa Sallau ne.

Ginin kalmar a fili yake. "Ta" harafin mallaka ne na tamata, "salla" kuma aro ce daga Larabci, inda take nufin ibadar da aka sani, amma Hausa ta faɗaɗa ma'anarta har ta haɗa da bikin idi. A wannan ƙira aka gina Tanoma da Tarana. Ashe ke nan sunan bai girmi zuwan Musulunci ba, kuma kuskure ne a jefa shi cikin sunayen maguzanci don kawai ba a same shi cikin littattafan Larabawa ba.

Alkunya ce ta raya irin waɗannan laƙabobi. Uwa ba ta faɗin sunan ɗiyarta ta fari, ba ta kuma faɗin sunan takwarar surukarta, saboda haka sai laƙabi ya rufe sunan yanka har tsufa. Da alkunya ta yi rauni, makarantar boko kuma ta nemi sunan da ke cikin takardar haihuwa, sai Tasalla ya koma sunan kakanni.

A nan ne wuyar farfaɗowar take. Hanyar da tsohon suna ke dawowa ita ce a yi wa kaka takwara, amma sunan yankanta ake gada, ba laƙabinta ba, yarinyar kuma a riƙa ce mata Ummi ko Hajiya. Sunan ba zai dawo da ƙarfi ba sai iyaye sun yarda su rubuta shi a takarda, ko da ba ran salla aka haihu ba. Idan an yi haka sunan ya tsira, amma ya rabu da ma'anarsa ta asali.

Sai batun rubutu. A ƙa'idar Faransanci "s" ɗaya tsakanin wasula biyu "z" ake karanta ta, shi ya sa akan ga "Tassala" a takardun hukuma: an ninka baƙin da ba ya ninkuwa, an sauke wanda ke ninkuwa. Taron Bamako na 1966 da na Yamai na 1980 sun daidaita rubutun Hausa, amma rajistar haihuwa ta ci gaba da bin Faransanci. Tun da aka ayyana Hausa harshen ƙasa a Nijar a 2025, ya dace littattafan yaƙi da jahilci su koyar da "Tasalla", kalma ɗaya, da babban baƙi a farko, don a bambanta ta da "ta salla" a jimla kamar "riga ta salla".