Sassaƙen Mai Juna Biyu a Al'adar Makonde

Makonde mutane ne da ke zaune a tsaunuka biyu masu shimfiɗaɗɗen kai waɗanda kogin Ruvuma ya raba: na Newala a kudu maso gabashin Tanzaniya, da na Mueda a arewacin Mozambik. Sun yi suna wajen sassaƙa, kuma cikin abubuwan da masassaƙansu ke yi har da wani da ba a fuska ake sa shi ba, a gaban jiki ake ɗaura shi, daga wuya zuwa ƙugu. Siffarsa ta mace ce mai juna biyu, da nonuwa da tsohon ciki da cibiya a turo. Ana kiransa njorowe, ita kuwa macen da yake wakilta ana ce mata amwalindembo. An fi samunsa a ɓangaren Tanzaniya. 'Yan'uwansu na Mozambik sun fi shahara da lipiko, wanda ake kifawa a kai.

Masassaƙi kan zaɓi itace marar nauyi, ya fafe bayansa har ya yi sirara, domin mai rawa zai daɗe yana juyi da shi. Saboda haka ba a yin sa da mpingo, baƙin itacen nan mai tauri da ake sassaƙa gumakan sayarwa da shi. A gefe-gefe akan huda ramuka don igiyar ɗauri. Sai a shafa masa jan ƙasa, a yi masa zane a ciki da ƙirji irin tsagar da Makonde ke yi wa jikinsu, wadda suke kira dinembo. Wani ya yanka zanen cikin itacen, wani ya murza kakin zuma siriri-siriri ya manna shi don ya yi tudu kamar tabon gaske. A nan gwaninta ke fitowa, domin tsagar ce ke nuna cewa wannan mace 'yar ƙabila ce wadda ta cika mutum.

Namiji ne ke ɗaura shi. Yakan haɗa da fuskar itace ta mace, sau da yawa mai ɗauke da ndona, guntun itacen da mata suke sawa a leɓen sama a da, sannan a naɗe sauran jikinsa da zane yadda ba wanda zai gane shi. Fitowarsa tana da alaƙa da bikin shigar yara sahun manya, musamman lokacin da samari suka dawo daga zaman daji bayan kaciya, su ma 'yan mata sun kammala tasu killacewar. Makaɗa na kiɗa, mai rawa na taku a hankali irin na mai nauyi, yana dafe ƙugu, wani lokaci har ya kwaikwayi naƙuda. Jama'a kan yi shewa, amma abin da ake nuna wa yaran ba wasa ba ne: aure na tafe, haihuwa na da wuya, kuma wadda ta sha wannan wuya ta cancanci girma.

Dalilin wannan girmamawa yana cikin tsarin zamansu. Makonde ta wajen uwa suke ƙirga dangi, kawu yana da babbar murya a kan 'ya'yan 'yar'uwarsa. Labarin asalinsu ma ya ce mutumin farko ya sassaƙa siffar mace da itace, ya kafa ta, da gari ya waye ta rayu, ita ce ta zama uwar kowa. A al'adance ana ɗaukar mai rawan a matsayin ruhin magabata, kuma asirin ko wane ne a ciki na maza ne da aka yi wa kaciya. Kayan ma a ɓoye ake ajiye su, nesa da idon mata da ƙananan yara.

Zamani ya taɓa al'adar ƙwarai. Tun 1906 Bajamushe Karl Weule ya zagaya yankin yana tattara sassaƙe-sassaƙe zuwa Leipzig, kuma yanzu da yawa daga tsofaffin suna gidajen tarihi na Turai da Amurka, rataye a bango babu kiɗa babu mai rawa, abin da ke rage musu rabin ma'anarsu. Tsagar jiki da ndona sun kusa ɓacewa, sai a jikin tsofaffi da kuma jikin itace. Yawancin sassaƙe-sassaƙen da ake gani a kasuwanni irin ta Mwenge a Dar es Salaam don baƙi aka sassaƙa su, ba su taɓa shiga filin rawa ba. A 2023 hukumar UNESCO ta sa rawar mapiko ta Mozambik, wadda ake yi da lipiko, cikin jerin al'adun da ke buƙatar kariyar gaggawa.