Wutar da ke Salwanta a Gangaren Kanal

Duk wanda ya bi kanal ɗin da ya taso daga madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo, ya gangara zuwa gonakin Kadawa da Kura da Bunkure, lalle zai tarar da wuraren da magina suka yi wa ruwa matakala ta siminti domin a karya masa gudu, kada ya zaizaye gaɓa. A nan yake faɗowa da ruri da kumfa, ƙarfin da Allah Maɗaukaki ya ajiye a cikinsa yana tafiya a banza, alhali kuwa masu injin casar shinkafa na Kura suna ƙona man gas da tsada, tumatirin Kadawa yana ruɓewa cikin kwanduna don rashin ɗakin sanyi.

Hisabin abin ba mai wuya ba ne. Ruwa lita 1,000 da ke faɗowa tsawon mita 1 a kowace daƙiƙa, idan aka bi da shi ta cikin farfela mai juya janareta, yakan ba da kimanin kilowat 7 bayan an fid da hasarar inji, sa'an nan ya koma kanal bai ragu da ko ludayi ɗaya ba. Kuma ba bidi'a ba ce, gama tun 1925 wani mai suna Ganga Ram ya kafa irin wannan tasha a Renala ta ƙasar Fanjab, ya riƙa ɗaga ruwa da wutarta zuwa tudun da kanal bai kai ba.

Sai dai akwai sharaɗi, wanda a ganina shi ne asalin al'amarin. Fuƙaha'u sun yi bayani filla-filla a kan haƙƙin shayar da gona, cewa na sama ya sha gwargwadon buƙatarsa ya sakar wa na ƙasa, to, bai halatta injin ya shiga gaban ko ɗaya daga cikinsu ba. Ranar da aka rufe ƙofar ruwa domin yasar laka ko gyaran gaɓa, wajibi ne wuta ta haƙura, kuma ba za a saki ruwan rani don lantarki kaɗai ba alhali alkama tana jiransa. Saboda haka ya kamata a gina wa kowace tasha hanyar kewaye, yadda ko farfela ta tsaya ruwa zai wuce, a sa mata ragar ƙarfe mai tare kacalla da leda, a kuma damƙa amanar share ta ga ƙungiyar manoman da ke sha daga wannan kanal, a biya su ladan aikin daga kuɗin wutar.