Gyaran murhun laka: ba sai an rushe shi ba

A ƙasar Arewa, daga Dogon Kiriya har Tibiri, itacen girki ya yi wuya. Mata na yin tafiya mai nisa kafin su samo sabara ko kalgo, wasu kuma sun koma ga karan hatsi da kashin shanu. Don haka ne tun cikin shekarun 1980 aka shiga yaɗa murhu mai tsimin itace a Nijar: Albarka na laka, da Mai Sauƙi na ƙarfe. Amma a gidaje da yawa muna ganin murhun Albarka ya tsage an yi watsi da shi, an koma ga duwatsu uku a fili. Alhali gyaransa aikin hantsi ɗaya ne.

Da farko mu gano ciwon. Idan tuwo na daɗewa bai nuna ba, kuma itace na ƙarewa da sauri, mu duba bango. Zafi na fita ta wurin tsaga. Idan hayaƙi ya yi yawa, wuta kuma tana mutuwa, to iska ce ba ta shiga: ko toka ta cika ciki, ko bakin ƙofa ya rufta. Idan tukunya ta karkace, ɗaya daga cikin duwatsu ukun da ke ɗauke da ita ya fashe ko ya nutse.

Ga yadda ake haɗa laka. Mu samo ƙasar suri ko laka mai danƙo, mu haɗa da kashin jaki da ƙaiƙayi. Mu kwaɓa da ruwa, mu rufe, mu bar ta kwanaki ta ruɓe. Nan ne masu gaggawa ke yin kuskure. Lakar da aka kwaɓa yau aka shafa yau, da wuri take sake tsagewa.

Sai murhu ya huce sarai ake taɓa shi. Mu kwashe toka, mu kankare bakin tsagar da wuƙa, mu yayyafa ruwa don sabuwar laka ta kama tsohuwa. Mu cusa ta da yatsa har ciki, sannan mu shafe da jiƙaƙƙen hannu. Dutsen da ya fashe a cire shi, a sa wani wanda tsayinsa ya yi daidai da sauran biyun. In ya yi gajere, tukunya za ta danne wuta.

Kafin laka ta bushe, mu ɗora tukunyar da aka gina murhun dominta. Tsakaninta da bango a bar faɗin yatsa ɗaya ko'ina. In ratar ta yi faɗi, zafi ya gudu. In ta toshe, hayaƙi ya dawo ta ƙofa. Bayan haka a bar murhu ya bushe cikin inuwa, wutar farko kuma ta zama ƙarama. Da damana a kife masa tsohon kwano.

Shi Mai Sauƙi, in ƙarfen da ke riƙe tukunya ya karye ko gindinsa ya huje, a kai wa maƙeri ran kasuwa ya sa wani.

Wannan magana ta shafi lafiya. Hayaƙi na cin ido, yana kawo tari da ciwon haƙarƙari, musamman ga yaron da ke goye a bayan uwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 hayaƙin cikin gida ya kashe mutum fiye da miliyan 3. Tukunyar da ta karkace kuwa tana iya kifewa kan yaro mai rarrafe. In hakan ta faru, a zuba ruwa mai sanyi mai tsabta a kan ƙunar har tsawon minti 20. Kada a shafa toka ko kashin shanu. A rufe da tsumma mai tsabta, a kai shi gidan likita.